Buhunan Da Ban Zazzage Ba

Duk wanda ya zauna Diffa a ƙarshen shekarun casa'in ya san abin da ake nufi idan aka ga namiji ya fito daga layin mangaza, wato ɗakunan ajiyar kayan ƴan kasuwa, da tsakar rana, rungume da ƙullin tattasai, yana sauri kamar ana jiran sa a wani wuri. Hajiya ta kore shi ke nan. Ba ta kora da zagi, zagi na waɗanda ke bakin aiki ne. In ta gama da kai sai ta sassauta murya ta ce wa mai gadi, “A auna mishi tiya guda ya kai gida.” Kwanon awo guda na jan tattasai mai kyau, irin wanda ko matar babban ma'aikaci ba ta samu a kasuwa. Da shi za ka ratsa gari, masu shayi suna yi maka sannu da aiki, direbobin tasha suna tambayar ka yau miyar me za a yi a gidanku.

Ni daga Damagaram na zo, bayan na faɗi jarrabawar ƙarshen kwaleji sau biyu. Kawuna soja ne da aka turo Diffa, shi ya karɓe ni ya ba ni ɗakin zaure. Wata uku ina cin tuwon matarsa, babban aikin da na yi a gidan shi ne ɗaure igiyar shanya da ta tsinke. Ran nan ya dawo daga bariki ya ce in shirya, akwai aiki a wurin wata Hajiya mai sayen tattasai. Na tambaye shi yaya aka yi ya san ana neman mutum. Ya ce a wurin Hajiya kullum ana neman mutum. Ya kamata wannan amsa ta sa in tsaya in yi tunani, amma ni murna na yi, har na wanke rigata mai aljihu biyu.

Hajiya gajeriyar mace ce, Babarbariya, mai lafaya da ƙamshin turaren wuta, wadda in ka gan ta a gidan biki za ka rantse ko kaza ba ta taɓa tsawata wa ba. Tana sayen busasshen tattasai a ƙauyukan bakin kogin Komadugu, a tara a mangaza, a gyara, a loda a manyan motoci a tsallaka da shi Najeriya. Wurin zamanta kujerar katako ce a bakin ƙofa, da ƴar sanda a hannu, kuma daga nan take ganin komai har da abin da kake shirin yi. Hausarta ta Barebari ce, wani lokaci ta ce wa ƙaton gardi “ke”, amma ban taɓa jin ta yi tuntuɓe a zagi ba. Ba ta riƙe sunan ma'aikaci, ta ce wahalar banza ce. Da sunan garinku take kiran ka. Ranar da na fara ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Damagaram kuma? Allah ya sa ka hi na makon jiya.” Daga baya na ji ni ne Damagaram na huɗu a shekarar, alhali ba a daɗe da fara ɗibar tattasai ba.

Dokarta guda ɗaya ce, amma ita ta cinye mutane. Kowane buhu sai an zazzage shi a kan tamfol har ƙasa. Sauran ƴan kasuwa sukan kwance bakin buhu, su cusa hannu, su jijjiga su saurara, shi ke nan ciniki ya faɗa. Hajiya ta ce ita ba saman buhu take saye ba. A tsakiya ake samun wanda aka ɗura bai gama bushewa ba ya yi fumfuna, da wanda rana ta ƙona ya yi farin tabo, da ƙananan ɗibar ƙarshe da aka lulluɓe da manya. Sai ka baza shi, ka bi shi da ido da hannu, ka ɗauki ɗaya ka kaɗa a kunne ka ji ƴaƴan suna motsi a ciki, sannan ka mayar ka ɗinke da basilla. Buhu ɗaya ba komai ba ne. Daga safe zuwa la'asar a ƙarƙashin rufin kwano kuwa wata magana ce daban. Masu cewa tattasai ba shi da yaji su zo su shaƙi ƙurarsa yini guda. Atishawa ce gaisuwarmu a mangazar nan. In ka manta ba ka wanke hannu da sabulu ba kafin alwala, sai ka yi salla kana zubar da hawaye, mutanen sahu su ɗauka tsoron Allah ne ya kama ka.

Na ga an kori wani ɗan Tawa saboda ya ɗinke buhu kafin ta gyaɗa kai. Na ga an kori wani ɗan Maraɗi saboda ya zauna a kan buhu yana shan ruwa, ta ce ya farfasa mata kaya da mazaunansa. Wani ɗan Gure kwana biyu ya yi, har yau ban san laifinsa ba, ina jin fuskarsa ce ba ta yi mata ba. Abin da ya fi ci mini rai a wurin ba wahalar ba ce, rashin aboki ne. Ka saba da mutum, kun fara raba goro, ya ba ka labarin yarinyar da yake nema, jibi ka ga ana auna masa tiya. A hankali na daina tambayar sababbi sunansu. Na kama kaina ina kiran su da garinsu kamar yadda take yi, abin ya ba ni kunya, amma ban daina ba.

Sai dai in na ce ba a ci komai a wurin Hajiya ba na yi ƙarya. Da azahar ake kawo akushi daga gidanta, burabusko da miyar bandar kifi na Boso, mai har yana kwanciya a sama. Takan ce wanda za ta kora gobe ma sai ya ƙoshi yau. Wani ɗan Tanut da zazzaɓi ya kayar, ita ta sa aka kai shi likita a motarta, ta riƙa aika masa da kunu har ya miƙe, ya dawo ya yi mako guda, sannan ta kore shi. Girma kuma a wurin ba ya wuyar samu. A ma'aikatar gwamnati sai ka yi furfura kafin a ce maka babba, a wurin Hajiya wata biyu na yi na wayi gari ni ne tsohon hannu, in ban da mai gadi, wanda kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma duk mun yarda shi ne sirrin daɗewarsa. Ga ilimin da ke shiga hannunka ko ba ka so. Har yau in na wuce mai tattasai a kasuwa, hancina yana gaya mini kwana nawa kayansa suka yi a rana.

Babban abin kuwa shi ne suna. Wanda ya yi kaka guda cur a wurin Hajiya, daga ɗibar farko har ruwan Komadugu ya janye, ya gama neman aiki a Diffa. Ƴan kasuwa su ke bin sa har gida, su ba shi mota da amana su ce ya shiga ƙauye ya sayo musu. Mutum uku ko huɗu ne aka sani sun taɓa yin haka, ana nuna su da baki in sun wuce. Ni da takardar makaranta ta ƙi ni sau biyu, wannan ce takardar da na sa a gaba. Kawuna ma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa irin na soja: ya ce ranar da ya gan ni da ƙullin tattasai a ƙofar gidansa, a ranar zan kwana a motar Damagaram.

Saura kamar wata guda kaka ta ƙare Hajiya ta kira ni. Wanda take turawa ƙauyen Shetimari saye ya karɓi tiyarsa da safiyar ranar, don haka ni zan tafi. Ta ce, “Damagaram, abu guda na ce maka. Ka zazzage. Ko na limamin garin ne, ka zazzage.” Na ce to, Hajiya. Na hau bayan a-kori-kura ina jin kaina kamar sabon gwamna.

A gidan wani dattijo manomi take sauke mutanenta, nan aka kai ni. Dogon tsoho ne mai zanen Barebari a fuska, yana da lambu a bakin ruwa da injin ban ruwa wanda yake zagi kamar ɗan cikinsa, da ƴaƴa maza uku duk magidanta. Tun ranar farko ya raɗa mini Afuno, sunan da suke kiran Bahaushe da shi, ya ce a share mini ɗakin da ya fi iska. Ɗanyen kifi daga kogi, nono da safe, shayi da la'asar, in na ce na ƙoshi ya ce Afuno ba ya ƙoshi, kunya ce kawai. Kwana goma na yi a gidan, na yi kumatu.

Sayen kuwa a fili ake yi, a ƙarƙashin wata bishiya kusa da masallaci. In na shimfiɗa tamfol sai jama'a su kewaye, mai kaya ya tsaya yana kallon sama, ni kuma in zazzage in bi ɗaya-ɗaya ina ware na banza gefe. Tsohon nan ba ya fashin zuwa kallo. Yana zaune a gaba da sandarsa, in na tsinto mai fumfuna a tsakiyar buhun wani sai ya yi dariya har da buga ƙasa. Da rana kuma, in kowa ya shiga inuwa, sai ya koma bayan gida ya zauna a kan tabarma shi kaɗai yana zaɓen nasa tattasan, duk wanda ya matso zai taya shi ya kore shi. Na ɗauka taurin kan tsufa ne.

Ranar ƙarshe aka fito da nasa, buhu goma sha biyu, ƴaƴansa suka jera su. Jama'ar da ta taru ta fi ta kullum. Shi kuma ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, alhali ba Juma'a ba ce. Na tsaya a gaban buhunan. A Damagaram inda aka raine ni, ba ka cin abincin mutum kwana goma sannan ka kife kayansa a gaban maƙwabtansa kana tonawa kamar ka kama ɓarawo. Da uwata za ta ji na yi haka, sai ta ce ba ita ta haife ni ba. Na kwance bakin ɗaya, na shafa saman, na jijjiga wani, sannan na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, “Kayan Baba ba su buƙatar zazzagewa. A loda.”

Na jira in ji an ce madalla. Babban ɗansa ya sunkuyar da kai yana ɗan murmushi. Tsohon ya dafa sandarsa ya miƙe ya shige gida, bai waiwayo ba. Ni kuwa, da wayona, na ce a raina karamcin da na yi ne ya taɓa shi, ba ya so a ga idonsa ya kawo ruwa. Duk hanyar komawa Diffa ina yaba wa kaina tarbiyya.

Hajiya ba ta ko tashi daga kujera ba. Ana sauke kaya tana bin su da ido, sai ta nuna da sanda. “Waɗancan sha biyun, a ajiye su nan.” Ta dube ni. “Wannan ɗinkin ba naka ba ne.”

Na manta da wannan. Buhun da na zazzage ni ke ɗinke shi, kuma ta san ɗinkina kamar yadda malami ya san rubutun ɗalibinsa. Waɗannan kuwa da ɗinkin gidan tsoho suka iso.

Ta sa aka zazzage su duka a tsakiyar mangaza. Ban taɓa ganin tattasai irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Ja wur, manya, kai ɗaya, busassu ƙaras, in ka taɓa tarin sai ka ji yana amsawa. Ma'aikata suka daina atishawa suka tsaya kallo. Hajiya ta ɗebi cikin hannu ta kaɗa a kunne, ta lumshe ido, ta ce bana kaf ba a kawo mata kamarsa ba. Har na fara gyara tsayuwa.

Sai na ji ta sassauta murya.

Na ce, “Hajiya, ai kin gani da idonki, babu abin da za a ware.”

Ta ce, “Na gani. Kai ne ba ka gani ba.” Ta juya wajen mai gadi, ta ɓangaren kunnensa mai ji. “A auna mishi tiya guda. Daga wannan mai kyan.”

Saura mako uku kaka ta cika. Na bi lungu-lungu don in kauce wa tasha, duk da haka sai da wani mai shayi ya hango ni ya ɗaga mini hannu. Na tsani matar nan a ranar, tsana ta gaske, kuma na daɗe ban huce ba. Kawuna bai sa ni a mota ba, don kafin in kai gida wani ɗan kasuwa ya tare ni ya tambaye ni wata nawa na yi, na ce huɗu, ya ce in zo gobe. Amma ba saye ya ba ni ba, ɗaukar buhu ya ba ni. Wata huɗu a wurin Hajiya abin da yake saya ke nan, kaka guda kuwa ta wuce ni.

Bayan mako guda na koma Shetimari, wai don in ɗauko bargona da na manta. Gaskiyar magana, godiya na je nema. Na rasa aiki saboda mutuncin tsohon nan, ina so ya sani, ina so ya dafa kaina ya ce ɗan halak ne ni, ko da kifi guda ne a soya mini.

Na same shi a inuwar zaure da hantsi, lokacin da ya saba kasancewa a lambu. Ya amsa gaisuwata a taƙaice. Na zauna na kwashe labari na ba shi, har da ƙarin gishiri. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Afuno, mi na yi maka?”

Na ce, “Baba, alheri ka yi mini. Shi ya sa.”

Ya ce, “Alheri na yi maka, ka kunyata ni gaban garinmu.”

A nan ya faɗa mini abin da kowa a ƙauyen ya sani ban da ni. Tun bara ƴaƴansa ke cewa idonsa ya tafi, ya kamata ya zauna a inuwa ya bar musu zaɓe da maganar lambu. Shi kuma ya ce a jira mutumin Hajiya. “Mutumin Hajiya bai jin kunyar kowa, duk kwarin nan an sani. In ya zazzage kayanka bai samu komi ba, magana ta ƙare. Shi ya sa na zaɓa ni ɗaya, da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. Na sa riga, na kira mutane. Sai Allah ya kawo mini mai kunya.” Bayan tafiyata, in ji shi, ƴaƴan suka ce ga shi nan, har baƙo ya lura, tausayinsa ya ji ya rufa masa asiri. Tun ranar babban ɗan ke riƙe da lambu.

Na ce, “Baba, ai Hajiya ta zazzage su duka. Ta ce bana ba a kawo mata kamarsu ba.”

Ya ce, “Wa ya ji? Kai ka ci tuwona. Maganarka ba shaida ba ce.”

Na tambaye shi ko akwai saura. Ya ce buhu ɗaya ne ya rage, wanda ya ajiye don miya da iri. Na ce a fito da shi, a kira ƴaƴansa, a kira duk wanda ke kusa. Ya dube ni, ya ce ai ni yanzu ba mutumin Hajiya ba ne. Na ce hannun da ta koya wa aiki yana nan, ba ta karɓe shi ba.

Ba tamfol, tabarma biyu aka haɗa a ƙarƙashin bishiyar. Na kife buhun har ƙasa, na kakkaɓe gindinsa. Na ɗaure fuska irin tata, na durƙusa na bi shi ɗaya bayan ɗaya, ina kaɗawa a kunne, ina fasa wanda na yi shakka, ina atishawa ba na ce wa kowa gafara. Ban taɓa yi wa buhu binciken mugunta irin na ranar ba, ko a gaban Hajiya. Da na kai ƙarshe, guda uku na ware, duka masu ɗan farin tabon rana. Na ɗaga su sama na ce a mangazar Hajiya, buhun da aka samu uku kacal a cikinsa ban taɓa gani ba sai a gidan nan. Babban ɗan ya tsuguna da kansa yana tona tarin yana neman na huɗu, ya tona ya tona, ya miƙe yana karkaɗe hannu. Jama'a suka ɗau hayaniya. Tsohon ya riƙa nuna ƴaƴansa da sanda yana zazzaga musu Barbarci wanda ban ji ba, amma daga dariyar mutane na san ba addu'a ba ce.

Da aka watse, ina mayar da tattasan cikin buhu, ya matso kusa da ni ya ɗauki ɗaya daga cikin ukun. Ya kai shi dab da fuskarsa, ya juya shi, ya karkata wajen rana, ya sake juyawa. Ya daɗe a haka. Sannan ya waiga ya tabbata babu kowa kusa, ya rage murya ya ce, “Afuno, ina tabon yake?”

Tabon yana saitin idonsa, fari fat, girman farcen babban yatsa. Na kama ɗan yatsansa na ɗora a kai.